Jawabi a Kan Gyambo da Bandejin Soso

Yau zan yi muku magana a kan gyambo, da wani irin bandeji da ake sa masa a asibiti.

Da yawanmu mun tashi da zaton sai miki ya sha iska ya bushe sa'an nan zai warke. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a jikin aladu, ya tarar mikin da aka rufe da ɗan danshinsa ya fi saurin yin sabuwar fata. Amma in ruwan ya yi yawa, sai ya jiƙa bakin mikin ya lalata shi.

To, wannan bandeji kamar soso yake, na roba mai taushi. Yana tsotse ruwan miki, ya bar danshi daidai. A waɗansu an sa azurfa, ita ke kashe ƙwayoyin cuta. Kafin a ɗora shi sai malamin asibiti ya wanke mikin, ya cire mataccen nama. In ba haka ba, an rufe ruɓa ke nan.

Yakan yi kwanaki a jiki, wani lokaci har bakwai, gwargwadon yawan ruwan. Kada ku ɗaga don ku leƙa, balle ku barbaɗa toka ko garin magani. In ya jiƙe sharkaf, ko wari ya tashi, ko zazzaɓi ya zo, ku koma asibiti ran nan, kada ku jira ranar da aka yanka muku. Masu ciwon sukari, ku na fi nufi, gama ƙafarku takan ruɓe ba ku ji zafi ba.