Amsar Wasiƙunku: Masu Tambayar Aiki Gida-Gida

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Kunci, jihar Kano. Yana cewa ya ji a rediyo wai marasa aikin yi a Nijeriya ba su kai biyar cikin ɗari ba, alhali samarin garinsu da an gama girbi sai ci-rani. Kuma masu zuwa gida-gida suna tambayar sana'a, shin ba haraji ake shirin ɗora wa mutane ba?

To malam, mun gode. Waɗannan ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne, mai hedkwata a Abuja. Hukumar ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin 100. Na farkon 2023 kuwa, ta ce kashi 4.1 ne. Ba wai ayyuka ne suka sauko kamar ruwan sama ba, mudun awon ne aka canja. A da, sai mutum ya yi aikin awa 20 a mako kafin a fitar da shi daga marasa aiki. A sabon lissafi, ko awa ɗaya ka yi a kwana bakwai, muddin don lada ko riba ne, an sa ka cikin masu aiki. Ke nan wanda ya yi ƙwadagon wuni guda a gonar wani, da mai tallar ƙuli-ƙuli ranar kasuwa, duk sun shiga.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Binciken na 2023 ya nuna fiye da mutum 90 cikin 100 na masu aiki ba su da aikin da ke bisa tsarin hukuma, wato ba takardar ɗauka, ba fansho. Ko mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai gidan da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Saboda haka ɗan ƙwadago da yaron shago, kariyarsu ita ce yarjejeniya. Ku yanka lada a gaban shaidu kafin a sa fartanya a ƙasa, a kuma biya kan lokaci.

Batun haraji kuwa, kwantar da hankalinka. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta hana a bayyana bayanin mutum da sunansa. In sun zo, nemi katin shaidarsu, sannan ka faɗi gaskiya: kwana nawa ka yi aiki, nawa aka biya ka. Kada a manta da sana'ar matan gida. Abin da ba a ƙirga ba, da wuya a tuna da shi wajen rabo.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.