Lokacin Da Katin Rigakafi Ya Zama Fasfo Na Biyu

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin ga waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba. Wanda ya karanta ya tura wa wanda bai gani ba.

Yau maganar tafiye-tafiye za mu yi a zamanin korona. Tun shigowar watan Disamban 2021 saƙonni suka cika mini waya. Ɗaliba ta samu gurbin karatu a Ingila, ba ta san ko za ta tafi ba. Wani ya tara kuɗin Umara, jirgi ya tsaya. Ɗan kasuwa a Kwari yana tambaya yaushe hanyar Dubai za ta daidaita. Sai kuma tambayar da ta fi kowacce yawa: wai dole ne sai na yi allurar nan?

To bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Ranar 24 ga Nuwamba, 2021, masana a Afirka ta Kudu suka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cewa sun ga wani sabon nau'in korona. Bayan kwana biyu hukumar ta raɗa masa suna Omicron, ta ce a sa masa ido. Kafin ka ce kwabo, ƙasashen Turai da Amurka sun fara rufe ƙofa ga ƙasashen kudancin Afirka. Ranar 1 ga Disamba hukumar NCDC ta ce an same shi a Najeriya. Kanada ta riga ta sa mu a jerin waɗanda ta hana shiga. Ingila ta bi sahu ranar 6 ga wata, ta ce ta samu mutum 21 masu Omicron da ke da alaƙa da tafiya daga Najeriya. Bayan kwana biyu Saudiyya ma ta dakatar da jiragenmu.

Ku tsaya ku ji abin da dokar Ingila ta ƙunsa a lokacin. In ba ɗan ƙasar ba ne kai, ko mai takardar zama, ba ka shiga, ko da bizarka a hannu. In kuwa kana da takardar zama, daga filin jirgi otal za a wuce da kai a killace ka kwana goma, kuma kai za ka biya, fam 2,285. Ku juya shi zuwa Naira, ko da canjin banki ne ya haura miliyan ɗaya. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da fili suka tura shi karatu, ya zo hutu gida, ina zai samo wannan?

Sai ga shi ranar 15 ga wata sun soke jerin gaba ɗaya, ƙasashe goma sha ɗaya, duka na Afirka. Ministan lafiyarsu na lokacin, Sajid Javid, da bakinsa ya ce cutar ta riga ta bazu a cikin ƙasarsu, hana shigar ba ya da wani amfani sosai. Ihu bayan hari ke nan. A Holan ma sun koma sun duba tsofaffin gwaje-gwajensu, suka tarar Omicron na ƙasarsu tun kafin Afirka ta Kudu ta yi shela. Ranar 22 ga Disamba, 2021, a rana ɗaya tak, mutum sama da dubu ɗari suka kamu a Birtaniya. Wato wanda ya fara ganin wuta ya yi kururuwa, shi aka kama da laifin kunna ta.

Ni ban ce taƙaita tafiya lokacin annoba laifi ne ba. Mu da muka tashi da tarihin Sayyadina Umar, da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba ta ɓarke a can, mun san abin ba baƙo ba ne. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne zaɓe. Cuta na ƙasashe da dama a nahiyoyi daban-daban, amma baƙar fata kaɗai aka rufe wa ƙofa. Jakadan Najeriya a Landan na lokacin, Sarafa Tunji Isola, wariyar launin fata ya kira abin, haka ma Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya. Don haka wanda ya ji haushi, wallahi yana da gaskiya.

Amma fa a nan ne nake so mu nutsu. Na ga yadda wasu suka ɗauki wannan haushin suka mayar da shi hujja: tunda sun wulaƙanta mu, ba za mu yi allurarsu ba. Ɗan'uwa, wa ka cuta? A lokacin, Baturen da ke Landan ya yi tasa sau biyu, yana layin ta uku.

Bari in yi bayanin yadda sabon nau'i yake samuwa, don da yawa suna cewa ƙirƙira ake yi duk bayan wata shida don a sayar da magani. Ku tuna makarantar allo. Yaro ya kwafi rubutu daga allon wani, wani ya kwafa daga nasa, wani daga na wancan. In aka yi ta yi ba malami a kusa, dole wata rana wani ya sauya wasali ko ya tsallake baƙi. Haka ƙwayar cutar take. Duk jikin da ta shiga sai ta kwafi kanta sau ba adadi, kuma tana yin kuskure. Yawancin kurakuran ba sa tsinana mata komai. Amma jefi-jefi sai a samu wanda ya ƙara mata saurin yaɗuwa, ko ya sauya mata kama yadda garkuwar jiki ba za ta gane ta da wuri ba. Shi ne sabon nau'i. Alpha a Ingila aka fara ganin sa, Beta a Afirka ta Kudu, Delta a Indiya. Shi Omicron sauye-sauyensa sun kai kusan 50, sama da 30 a jikin ƙayoyin da ƙwayar ke maƙalewa da su a jikin mutum. Lissafin mai sauƙi ne: yawan masu kamuwa, yawan kwafi, yawan damar fitowar sabon nau'i.

To su wa suka bar ƙofar a buɗe? Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Duka biyun sun haɗu a kan maganar nan.

Rowar dai a fili take. Ƙasashe masu kuɗi sun saye alluran tun kafin a gama haɗa su, wasu har ninkin yawan jama'arsu. Mu sai ranar 2 ga Maris na 2021 kashin farko ya sauka a Abuja ta shirin COVAX, kusan miliyan huɗu na AstraZeneca, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Da suka ga nasu ya yi musu yawa sai suka fara turo mana ragowa, wasu saura 'yan makonni su lalace. Kun ga hotunan ranar 22 ga Disamba, buldoza na murƙushe allurai sama da miliyan ɗaya a wata bola a Abuja saboda wa'adinsu ya cika. Shugaban hukumar kula da lafiya a matakin farko na lokacin, Dakta Faisal Shu'aib, ya ce daga lokacin Najeriya ba za ta ƙara karɓar allurar da ta kusa lalacewa ba. A Disamban 2021, a duk Afirka waɗanda suka kammala rigakafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. A Najeriya a lokacin ko kashi 5 cikin 100 ba mu kai ba.

Sai ƙiwuyar, wadda tamu ce. A ƙarshen 2021 allurar tana nan, kyauta, a asibitocin sha-ka-tafi, har kasuwa da tasha da ƙofar masallaci ake kai ta. Ma'aikata na zaune suna hamma.

Na san dalilin tsoron, kuma ba zan raina shi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yarda ya biya dala miliyan 75 aka sasanta da gwamnatin Kano. Wannan ya faru. Duk wanda ya ce Bakano tsoron banza yake yi bai san tarihi ba.

Amma tarihin bai tsaya nan ba, mu ƙarasa shi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin yana hana haihuwa. Kusan shekara guda ba a yi ba. Cutar ta dawo da ƙarfinta, ta tsallaka ƙasashe da dama har wajen Afirka. 'Ya'yan wa suka shanye? Namu. Wasunsu sa'o'inku ne, kuna ganin su a kan kekunan guragu a bakin danja. Da aka dawo aka rungumi ɗigon, da sa bakin sarakuna da malamai, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar. Yaran da aka ɗiga wa a wancan lokacin kuma ga su nan sun yi aure suna ta haihuwa, kowane mako muna zuwa suna.

Bambancin Trovan da allurar korona babba ne. Wancan a ɓoye aka yi shi, a asibiti ɗaya, a kan yaran talakawa. Wannan an yi wa biliyoyin mutane, kuma su masu ita da kansu suka fara, har suna hana mu. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, an yi masa a gaban kyamara ranar 6 ga Maris, 2021. Da ta hana haihuwa ce, da ba su yi mana rowarta ba.

Wani zai ce ai masu allurar ma suna kamuwa da Omicron. Gaskiya ne, suna kamuwa. Abin da likitoci ke gani shi ne wanda ya yi allura ba kasafai take kai shi ga kwanciya asibiti ko mutuwa ba. Kuma mu 'yan Kano kada mu yi saurin mantuwa. Ku tuna Afrilun 2020, yadda masu haƙar kabari suka gaji, yadda dattawa da farfesoshi suka riƙa tafiya a jere. Ministan lafiya daga baya ya ce mutum 979 aka lissafa, kuma sama da rabi ana kyautata zaton korona ce sila. Kai matashi ƙila mura ce kawai za ta yi maka. Hajiya da ke ɗaki da ciwon suga fa? Baba mai hawan jini fa?

Yanzu ga maganar katin bogi. Wani mai sauraro ya rubuto mini cewa an yi masa tayin kati ba tare da allura ba, ya ba da 'yan dubbai kawai. Don Allah kar ka fara. A 2021 katin nan yana da lamba da ake dubawa a kwamfuta, wanda sunansa ba ya cikin rumbun hukuma a filin jirgi yake jin kunya, ga asarar kuɗin tikiti. In ma ka tsallake, jikinka bai san kati ba. Kuma duk katin bogin da aka kama a waje, hujja ka ba su ta ƙin yarda da na sauran 'yan Najeriya masu gaskiya.

Kuma wai yaushe katin allura ya zama sabon abu a wurinmu? Tambayi duk wanda ya je Makka a gidanku. Kafin ya hau jirgi sai da aka yi masa ta sanƙarau da ta shawara, aka ba shi katin nan mai ruwan ɗorawa. Ba wanda ya ce an taɓa masa imani. Shekara biyu, 2020 da 2021, ba maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Najeriya. Hajjin 2021 mutum dubu 60 kacal aka bari, mazauna Saudiyya, kuma masu rigakafi. Da suka buɗe Umara ga baƙi a watan Agusta, sharaɗin farko allura. Duk mai niyyar sauke farali, ya karanta alamar da kansa.

Ga mai shirin tafiya, riƙe waɗannan.

Na ɗaya, kar ka bari sai biza ta fito. Tsakanin allurar farko da ta biyu akwai makonni, kuma a 2021 yawancin ƙasashe sai ka cika kwana 14 bayan ta ƙarshe suke lissafa ka a wanda ya kammala. Na biyu, tsaya a kan ma'aikacin ya rubuta sunanka daidai da yadda yake a fasfo. Muhammad da Mohammed a wurinmu ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum biyu ne. Na uku, ɗauki hoton katin ka adana a waya. Na huɗu, a lokacin gwajin PCR yana da awanni ƙidayayyu, kowace ƙasa da nata. Mai shigowa Najeriya a Disamban 2021 sai da gwajin da bai wuce awa 48 ba, ya kuma sake wani a rana ta biyu da saukarsa, wanda bai yi allura ba ya killace kansa kwana bakwai. Kuɗin gwajin nan kuma a lokacin dubbai ne masu kauri. Na biyar, sayi tikitin da za a iya sauya masa rana, kuma ka duba dokar ƙasar da ta kamfanin jirgin ana gobe tafiya. Mun ga dai yadda doka ta zo ta tafi cikin kwana tara.

Wanda ya yi biyu kuma, ranar 10 ga Disamba, 2021 aka fara ba da ta ƙarin ƙarfi, ga wanda ya cika wata shida da ta biyu, ko wata biyu ga wanda aka yi wa Johnson & Johnson.

Mu da ba inda za mu je, mu ma da namu. A Disamban 2021 NCDC ta ce mun shiga zagaye na huɗu, ga sanyi, ga bukukuwan ƙarshen shekara, kowane lungu da kamu da dina. In kana mura da zazzaɓi, yi wa amarya addu'a daga gida. In za ka shiga motar haya, takunkumin nan a hanci ake sa shi, haɓa ba ta numfashi. Ba wanda ke son a koma kullen 2020, lokacin da aka rufe hanyoyin jihohi, mai ɗan abin sayarwa ya cinye jarinsa a ɗaki.

Mu ci gaba da faɗa wa manyan ƙasashe gaskiya a kan rowarsu da wariyarsu. Hannu ɗaya na nuna su, ɗaya kuma mu miƙa wa ma'aikaciyar lafiya.

Ku faɗa mini a ƙasa: ka yi allurar? In ba ka yi ba, me ya hana ka? Ba zagi, ba gori, kowa ya faɗi dalilinsa, mako mai zuwa zan ɗauko wasu mu tattauna. Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya buɗe wa matafiya hanya.