Kumburi iri biyu: jawabin ranar bikin ƙungiyarmu

Kafin a shiga lissafin adashi da riba, ku ba mu 'yan mintoci mu taɓo jikin da yake nemo kuɗin.

Duk wadda man ƙosai ya taɓa fallatsar mata a hannu ta san abin da ke biyo baya: wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya yi ta zugi. Wani marubucin Rum, Selsus, ya lissafa waɗannan alamu huɗu kusan shekara 2,000 da suka wuce. To, wannan gyara ne jiki yake yi. Ƙananan hanyoyin jinin wurin suke buɗewa, jini ya ƙaru, ruwa ya tsattsafo cikin nama, fararen ƙwayoyin jini su kutso su cinye ƙwayoyin cuta da naman da ya mutu. Mugunya ma galibinta gawarwakinsu ne. 'Yan kwanaki, wuri ya lafa.

Wanda ya dame mu shi ne kumburin da ba ya lafawa, don abin da ya tayar da shi bai tafi ba. Mai suya a murhun itace a Sabon Tasha ko Makera, kullum hayaƙi yana tsokanar hanyoyin numfashinta. Mazajenmu da suka yi aiki a masaƙun Kakuri sun ga irin haka da ƙurar auduga. Fararen ƙwayoyin nan sai su yi ta faɗa wata da watanni, har su riƙa ɓata lafiyayyen nama, tabo ya maye gurbinsa. Haka ciwon hanta nau'in B yake taurara hanta sannu a hankali, sau da yawa mutum bai ji komai ba. Teɓa ma tana rura irin wannan kumburin, kuma yana da hannu a ciwon suga da na zuciya.

Sai maganar diclofenac da ibuprofen, waɗanda wasunmu ke haɗiya kowane dare saboda gwiwa. E, suna kwantar da kumburi, amma yawan shansu yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Mun san tsayuwar kasuwa ba wasa ba ce. Duk da haka, gaɓar da ta yi makonni tana kumbura, ko tarin da ya wuce mako biyu, a kai su Asibitin Gwamna Awan a duba. In an je, a nemi gwajin hanta ma. Murhu kuma a fito da shi inda iska ke kaɗawa.