Tsohon da ke kwance a ɗaki: jawabin da aka yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci a Gure

 

Yau ba maganar gero ko bisashe za mu yi ba. Maganar mutumin nan ce da ke bayan gida, a ɗan ƙaramin ɗaki: tsoho, makaho, gurgu, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye.

Kun san halin da muke ciki. Da an gama girbi, samari sai su tafi cin rani, wasu Najeriya, wasu Libiya. Tun 2014 kuma ga zinariyar Jado tana kwashe su. Kuɗi na zuwa ta waya, gaskiya ne. Amma kuɗi ba ya juya tsoho bisa tabarma.

A wani ƙauye wajen Kelle na iske wata tsohuwa kwance. Ƴaƴanta maza uku duk suna waje. Jikarta, ƴar shekara goma sha ɗaya, aka fitar daga lakwal don ta yi jinya. Yarinya ba ta iya ɗaga ta. Bayan tsohuwa duk ya yi gyambo. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya nuna musu ne.

To, ku saurara. Mutumin da ba ya motsi, kada ya wuce awa 2 bisa gefe guda. Nauyinsa yana danne fata, jini ba ya gudu, sai wurin ya mutu. Ƙugu, kafaɗa, diddige da ƙashin baya ne suka fi ci. Wanda ba shi da agogo, ya juya shi kowace salla, ya kuma riƙa juya shi akai-akai tsakanin salla da salla. A sa tsumma mai laushi tsakanin gwiwoyi. In ya yi fitsari, a wanke shi da sabulu, a shanya shimfiɗa. In kun ga ja wanda ba ya ɓacewa, ku gaya wa majo tun fata ba ta fashe ba. Kada a zuba toka ko ƙasa.

Sai ruwa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ga zafin Afrilu da Mayu. Kada ku jira ya roƙa. A zaunar da shi kafin a ba shi kunu ko fura, don kada ya shaƙe.

Maganar ido kuwa, ina son ku riƙe ta. Jihar Damagaram ta daɗe tana fama da amodari. Gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwaya, tsohuwa tana cirewa da matsefata, yana sake fitowa, har ta makance. Aikin gyara shi ƙarami ne, a wuni take komawa gida. Yanar ido ma ana cire ta a asibiti. Mai yawo kasuwa da allura, ku bar shi ya wuce.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma a 2019 aka yi dokar shigar da su cikin al'amuran ƙasa. Doka tana Yamai, rairayi yana Gure. Keken guragu nutsewa yake cikinsa, shi ya sa a ƙauye sanda mai kyau da amalanken maƙwabci suka fi amfani ranar zuwa likita.

Ga abin da nake roƙo, tun da kun iya rubutu. Kowace unguwa ta rubuta sunayen waɗanda ke kwance, da wanda ke jinyar kowa. A raba kwanaki tsakanin dangi da maƙwabta, maza su kama maza, mata su kama mata, yarinya ta koma lakwal. Ku kai takarda ɗaya wajen mai gari, ɗaya wajen majo. Ranar kasuwa mai zuwa zan biyo in ga takardun.