Amsar Wasiƙunku: Buhu Biyu Na Tafarnuwa Da Tafiyar Legas

Yau wasiƙa ɗaya za mu ɗauka, domin maganar da ke cikinta tana da tsawo.

Wani dattijo manomin tafarnuwa ne ya aiko mana daga Wurno. Ya ce ɗansa yana koyon zane a wata kwaleji a Sakkwato. Yaron ya matsa masa har ya sayar da tafarnuwa buhu biyu, ya ba shi kuɗin mota zuwa Legas, wai zai halarci taron masu haɗa wasannin kwamfuta da na waya. Ya yi kwana huɗu ya dawo, babu takardar aiki, babu ko kwabo. Alhaji yana tambaya: wurin caca aka kai ɗansa, ko kuwa kuɗinsa sun bi ruwa? Wani ɗan kasuwa daga Goronyo ma ya yi mana tambaya mai kama da wannan.

To Alhaji, mu fara da batun caca. Ka san dara. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, a yi ta auna hankali har la'asar. Ba ta zama caca sai an aza kuɗi. Haka wasan waya yake. Shagunan da samari ke zuba kuɗi a kan ƙwallon Turai daban ne, kuma can ne ya kamata ka ji tsoro. Inda ɗanka ya je, taron masu sana'a ne, irin yadda dukawa ko maɗinka kan haɗu su ga aikin juna.

Sana'ar kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Wani ya tsara labari da dokokin wasa, wani ya rubuta wa kwamfuta umarni, wani ya sa sauti, mai zane kuma shi ke fito da duk abin da ido zai gani. Kafin mutumin cikin wasa ya yi tafiya, sai an zana shi sau 8 ko fiye, kowane hoto da inda ƙafarsa take. Ana biyan mai yin wannan aiki.

Irin wannan taro ya daɗe. Babbansu na Amurka, a falon wani mutum mai suna Chris Crawford aka fara shi a 1988, mahalarta ba su kai 30 ba. A 2019 mutum wajen 29,000 suka je. A nan Afirka ma akwai masu yi. Hugo Obi ya kafa kamfanin Maliyo Games a Legas a 2012, har suna da wasa mai suna Aboki Run. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da wasan Aurion a 2016, wanda aka gina shi a kan al'adun Afirka.

Da muka karanta wasiƙarka, sai muka nemi yaron, ya zo har nan gidan rediyo da jakar zanensa. Ga abin da ya faɗa mana. Ranar farko kunya ta hana shi magana, yana ta zagaye rumfuna kamar baƙo a kasuwa. Rana ta biyu ya daure, ya shiga layin da ake duba aikin ɗalibai. Ba wanda ya tambaye shi takardar makaranta. Cewa aka yi ya buɗe jaka. Zanen da ya fi taƙama da shi, na jaruman majigin Japan da ya kwaikwaya, wucewa aka yi ta yi, domin kusan kowane yaro a layin irinsa ya kawo. Sai da aka kai shafukan baya mai dubawar ta tsaya: jaki da mangala a fadamar Wurno, masu kwalekwale a madatsar ruwan Goronyo, rumfar mai albasa ranar kasuwa. Ta ce wannan ne ba ta taɓa gani ba. Ta kuma gaya masa gaskiya: hannunsa a takarda yana da kyau, amma bai iya aiki da kwamfuta ba, kuma ba a ɗaukar wanda bai iya ba.

Ka ji fa, Alhaji. Ya yi tafiyar wajen kilomita 1,000 kafin ya gane cewa jarinsa yana bakin gonarka. Ni a ganina wannan ba asara ba ce. Amma ba riba ba ce tukuna, iri ne, sai an shuka.

Ba zan ɓoye maka ɗacin maganar ba. Sana'ar tana da wuya. An ƙiyasta fiye da mutum 10,000 sun rasa aikinsu a kamfanonin wasanni na duniya a 2023, kuma yanzu akwai manhajojin da ke yin zane da kansu, suna rage wa ƙananan masu zane ciniki. Ga matsalar wuta da tsadar data a ƙauyukanmu. Saboda haka kada a sayar da gona, kada a bar karatu.

Shawarata gare ka uku ce. Na farko, kada ka sake ba da kuɗin wata tafiya sai ya nuna maka aikin da ya gama. Na biyu, idan hali ya samu, kwamfuta ta hannu ko da tsohuwa ce ta fi masa tafiya amfani yanzu. Manhajojin koyo irin su Krita da Blender kyauta ne, kada wani ya karɓi kuɗinku a kansu. Na uku, duk wanda ya bugo waya ya ce a biya kafin a ba yaro aiki, ɗan damfara ne.

Kai kuma samari, kana jina. Buhu biyun nan bashi ne a wuyanka. Akwai taron da ake kira Global Game Jam, wanda aka fara a 2009, inda ake haɗa ɗan ƙaramin wasa cikin awa 48 a watan Janairu. Nemi abokin karatu da ya iya kwamfuta, ku fara shiri tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku gwada da darar nan da tsofaffi ke yi a gindin bishiya. Kafin nan, zana wa 'yan kasuwa allon shago da tambarin buhu, ka fara mayar wa Baba kuɗinsa.

Wata uwa daga Rabah ta tambaya ko 'yarta mai zanen lalle za ta iya wannan hanya. Hajiya, wadda ta duba aikin yaron nan ma mace ce. Za mu ɗauki wasiƙarki mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Alhaji, Allah ya sa albarka a gona da zuriya. Jama'a, a huta lafiya.