Abin da Bindiga Ta Kasa Yi a Saliyo



Ranar Lahadi, 25 ga Mayu 1997, sojoji suka hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaban Saliyo, Ahmad Tejan Kabbah. Manjo Johnny Paul Koroma ya hau mulki, ya kuma jawo 'yan tawayen RUF cikin gwamnatinsa. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka ƙulla yarjejeniya a Konakiri, amma ba a cika ta ba. A Fabrairu 1998 rundunar ECOMOG, wadda yawancinta sojojin Nijeriya ne, ta kori sojojin daga babban birnin, a Maris kuma Kabbah ya dawo.

Duk da haka yaƙi bai ƙare ba. A Janairu 1999 'yan tawaye suka sake afka wa birnin, suka kashe dubbai, suka guntule hannuwan mutane, suka sace yara.

Cikin waɗanda suka shiga tsakani akwai majalisar shugabannin Kirista da Musulmi ta ƙasar. Sun ƙi amincewa da mulkin sojan. Daga baya suka je wurin 'yan tawaye, suka karɓo waɗansu yaran, suka taimaka har aka sa hannu kan yarjejeniyar Lome ranar 7 ga Yuli 1999. Sai a 2002 yaƙin ya ƙare.

Ku lura, an kafa majalisar nan tun Afrilu 1997, kafin juyin mulkin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dattawa, yaushe rabonku da gaishe da limamin unguwarku? Ku je makon nan, tun ana zaman lafiya.

Allah ya taimake mu. Amin.