Haɗin Kan Jam'iyya a Majalisar Tarayya: Yadda Muka Hango Shi Daga Ƙasar Gumel



An nemi mu yi bayani a kan abin da ke raba kawunan 'ya'yan jam'iyya ɗaya bayan sun shiga Majalisar Tarayya. Mun ga ya fi dacewa mu tsaya a gida mu hango lamarin, wato daga ƙasar Gumel, inda ƙananan hukumomi 4, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, suka taru a mazaɓa guda mai kujera ɗaya tak cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai. Abin da za mu kafa hujja a kansa shi ne, ɗan majalisa a ƙasar nan yakan bi wanda yake riƙe da tikitinsa na komawa ne, kuma duk lokacin da tikitin nan ya sauya hannu, to, haɗin kan jam'iyya ma sai ya girgiza.

Bari mu fara da abin da iyayenmu suka gani da idonsu, lokacin da ƙasar Gumel take cikin tsohuwar Jihar Kano. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta sami gwamnoni 2, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, ta kuma tura sanatoci 7 da wakilai 49 zuwa Ikko. Jam'iyyar NPN mai mulki ba ta da rinjaye ita kaɗai, domin kujeru 168 ta samu cikin 449, shi ya sa ta ƙulla yarjejeniya da NPP. A irin wannan majalisa ƙuri'a 49 ba abin wasa ba ce, in da sun tsaya wuri ɗaya. Amma ba a yi nisa ba sai gwamnonin nan biyu suka shiga taron gwamnoni 9 masu adawa da NPN, shugabannin jam'iyya suka hana, su kuwa suka ƙi hanuwa. A 1980 PRP ta dare gida biyu: 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam, da 'yan Santsi da suka bi gwamnoni ƙarƙashin Michael Imoudu. Rikicin a Kano da Kaduna aka haife shi, amma sai da ya bi wakilai har zauren majalisa. Sanata Sabo Bakin Zuwo ya zauna a Taɓo, Alhaji Sule Lamido, wanda a lokacin matashin wakili ne, ya bi Santsi. Talakan da ya jefa ƙuri'arsa a Gagarawa domin jam'iyya ɗaya ya wayi gari da biyu, ba tare da kowa ya shawarce shi ba. Ƙarshenta Rimi ya koma NPP, Malam ya rasu a watan Afrilu 1983, Sabo ya ci kujerar gwamna, soja kuma suka kwashe kowa da kowa ranar 31 ga Disamba.

To, me ya sa hakan take faruwa cikin sauƙi? A Ingila, idan 'yan majalisa suka juya wa jam'iyyarsu baya a kan babban al'amari, gwamnati tana iya faɗuwa, su ma su koma gaban masu zaɓe, saboda haka kowa yana taka-tsantsan. Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da muka ɗauka tun 1979 ba haka yake ba. Shugaba yana da wa'adinsa, majalisa tana da nata, kuma bore ba ya rushe kowa. Gaskiya ne sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Wannan "sai fa" ita ce ƙofar da kowa yake bi. Kotun Ƙoli ta rage faɗinta a 2015, cikin shari'ar wani wakili daga Jihar Ondo, inda ta ce rabuwar da ake nufi ita ce wadda ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa, rigimar reshen jiha ba ta isa ba. Sai dai shugaban majalisa ne yake bayyana cewa kujera ta zama babu kowa, kuma da wuya ya kori wanda ya sauya sheƙa zuwa ɓangarensa.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sai abin ya ƙara fitowa fili. Alhaji Saminu Turaki ya hau gwamna a 1999 a jam'iyyar APP, wadda ta zama ANPP, ya koma PDP a 2006, kuma a 2007 ya zama sanatan Jigawa ta Arewa maso Yamma, gundumar da ƙasar Gumel take ciki. Alhaji Ɗanladi Sankara ya riƙe kujerar nan a PDP daga 2011, ya sake riƙe ta a APC daga 2019. Ba zargin kowa muke yi ba. Muna nuna cewa sunan jam'iyya yana canzawa, mutanen kuwa su ne dai. Haka kuma a 2013, da gwamnoni 7 na PDP suka yi wa shugabanninsu tawaye, 5 suka fice zuwa APC a watan Nuwamba, a watan Disamba wakilai 37 suka bi sahu. Sule Lamido yana cikin bakwai ɗin, amma ya ƙi fita, kuma jam'iyyarsa ta ci gaba da riƙe Jigawa har zuwa zaɓen 2015.

Wani abin lura shi ne, babbar nasara ma tana raba kai. A 2015 guguwar canji ta kai Alhaji Sani Zorro, tsohon shugaban ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, kujerar wakilcin Gumel, ta kai Alhaji Abdullahi Abubakar Gumel Majalisar Dattijai, dukansu a APC. Ranar da majalisar ta fara zama, 9 ga Yuni, ita ce ranar da jam'iyyar ta kasa riƙe 'ya'yanta. Bukola Saraki ya zama shugaban dattijai da goyon bayan PDP, Yakubu Dogara kuma ya kayar da ɗan takarar jam'iyya, Femi Gbajabiamila, da ƙuri'a 182 da 174. Dalili kuwa a bayyane yake: APC taron jam'iyyu ce da neman kayar da gwamnati ya haɗa, da aka kayar kuwa sai kowa ya tuna gidansu.

Ku ma'aikata kun san inda wannan ya taɓa ku. Kasafin kuɗin 2016 sai a watan Mayu aka sa masa hannu, na 2017 da na 2018 sai a watan Yuni. Aikin hanya ko na rijiyar burtsatse da aka tsara yi da rani a Sule Tankarkar, in kuɗinsa bai fito ba sai damina ta sauka, kun san an tafi wata shekarar. Da aka sami majalisa mai jituwa da fadar shugaban ƙasa a 2019, ƙarƙashin Ahmad Lawan da Gbajabiamila, an sa hannu a kasafin 2020 tun cikin Disamba 2019.

Amma kada mu yi saurin cewa haɗin kai alheri ne a kowane hali. A zamanin wannan jituwar ne aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, kuma ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Duk wanda ya san kasuwar Alhamis ta garin, da irin shanu da raƙuman da ke shigowa daga ƙasar Damagaram, ya san abin da watanni 16 suka yi wa dillalai da masu ɗaukar kaya. Sa'an nan a 2023, bayan soja sun kifar da Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka fara maganar tura dakarun ECOWAS. Sanatocin Arewa, na jam'iyya mai mulki da na adawa, suka fito da murya ɗaya suka ƙi amincewa da yaƙi, alhali kuwa shugaban ƙasa, wanda shi ne shugaban ECOWAS a lokacin, ɗan jam'iyyar mafi yawansu ne. A farkon Agusta Majalisar Dattijai ta shawarce shi da ya bi hanyar sulhu. A ranar nan wakilai sun dubi garuruwan bakin iyaka irin su Maigatari da Illela da Jibiya kafin su dubi tutar jam'iyya, kuma ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Iyakar dai ta ci gaba da zama a rufe, sai a watan Maris 2024 Nijeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren.